Dutsen kwalli ba zai ga mutum cikin duhu ba, amma zai ga ruwan da ke cikin shinkafa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili a jaridarka, ko da wasiƙar za ta ɗan yi tsawo, don mu warware wata magana da ke yawo a majalisun Gusau har ta fara shiga bakin 'yan boko. Cewa ake yi wai da dalmar da ke kwance a ƙasar Anka da Bukkuyum ake ƙera kyamarar ganin dare, saboda haka da za a kafa mana masana'anta, da mun huta da sayen kayan tsaro daga waje. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ta ƙi mutuwa. Dutsen kwalli, wanda wasu ke ce wa tozali, haɗin dalma ne da farar wuta, masana na rubuta shi PbS, kuma yana cikin abubuwan farko da aka gano suna jin hasken infirared. Sai dai ba ya ganin mutum cikin duhu, kuma wanda aka haƙo daga rami ba ya shiga na'ura. Aikin da zai iya yi mana daban ne, kuma manomi ne zai fi cin moriyarsa.

Infirared haske ne kamar kowane haske, illa zangonsa ya fi na jan launi tsawo, ido ba ya kama shi. William Herschel ne ya gano shi a Ingila a 1800, da ya rarraba hasken rana da gilashi ya ajiye ma'aunin zafi a bayan ja, inda ba a ganin komai, sai ga ma'auni ya hau. Da maikiromita ake auna tsawon zangon, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Ido yana gani daga 0.4 zuwa 0.7. Rimot ɗin talabijin yana aiki a 0.94. Kyamarar CCTV mai jajayen ƙwayaye kewaye da idonta tana aiki a 0.85, kuma ba ɗumin jiki take gani ba, tocila take haskawa wadda idonmu ba ya kamawa, inda haskenta ya ƙare nan ganinta ya tsaya. Jikin ɗan Adam kuwa ya fi fitar da nasa hasken a wajen 9 zuwa 10. Tsakanin 0.85 da 10 tafiya ce mai nisa.

Abin da ke jin hasken a cikin na'ura shi ake kira semikwandakta: bai kai jan ƙarfe barin lantarki ya wuce ba, bai kai roba hanawa ba. Elektiron ɗin da ke cikinsa a ɗaure suke, sai sun tsallake wani giɓi kafin su yi tafiya su zama lantarki, kuma ƙwayar haske ce ke ba su ƙarfin tsallen. In ƙarfinta bai kai faɗin giɓin ba, komai yawan hasken babu wanda zai motsa. Lissafin ba wuya: a raba 1.24 da faɗin giɓin a ma'aunin kuzari da ake kira eV, a sami iyakar zangon da abin zai ji. Silikon na da 1.12, ya tsaya a 1.1. Jamaniyom na da 0.66, ya kusa 1.9. Haɗin indiyom da galiyom da asenik da ake sawa a layukan intanet na gilashi yana kai wa 1.7. Dutsen kwalli na da kusan 0.41, iyakarsa 3. Mai son ganin mutum a maikiromita 10 sai ya nemo abin da giɓinsa bai wuce 0.12 ba.

A nan gizo ke saƙa. Ƙaramin giɓi, ɗumin ɗaki kaɗai ya isa ya tsallakar da elektiron masu yawa ba tare da haske ba, domin kuzarin ɗumi a zafin ɗaki ya kai 0.026 eV. Wannan lantarkin da ke gudana cikin duhu yana zuwa da hayaniya, sai neman saƙon hasken ya zama kamar kasa kunne ga mai raɗa a tsakiyar kasuwar Talata Mafara ranar Talata. Duk binciken inganta waɗannan abubuwa da ake yi a duniya, in aka tace shi, yaƙi ne da wannan hayaniya. Hanya mafi tsufa ita ce sanyayawa zuwa digiri 196 ƙasa da sifiri, da ruwan naitirojin ko da ɗan injin sanyi da ke cikin kyamarar, wanda shi ne ke cin batir kuma shi ne yakan fara lalacewa.

Sarkin wannan fage shi ne haɗin zaiba da kadmiyom da teluriyom, HgCdTe, wanda Lawson da abokan aikinsa suka fito da shi a Ingila a 1959. Zaibar dai ita ce wadda masu wankin zinare suka sani. Kyansa shi ne ana daidaita giɓinsa da yawan kadmiyom: kashi 30 cikin 100 ya ji har wajen maikiromita 5, kashi 20 ya haura 10. Amma abu ne mai rigima. Kuskuren kashi ɗaya cikin dubu a yawan kadmiyom yana gusar da iyakar zangon da fiye da 0.1 a wajen maikiromita 10, sai gefen hoton ya bambanta da tsakiyarsa. Zaiba ba ta riƙe teluriyom da ƙarfi, takan fice ta bar gurabe, sai an sake gasa abin cikin tururin zaiba a wajen digiri 200 zuwa 250 an cike su. Ana shimfiɗa shi a kan haɗin kadmiyom da tutiya da teluriyom, CdZnTe, mai tutiya kashi 4 cikin 100 don jerin ƙwayoyinsu ya dace, in ba haka ba tsagogi su yi yawa, kowace tsaga kuma hanyar yoyon lantarki ce. Irinsa ke cikin madubin sararin samaniya na James Webb da aka harba a Disamba 2021. Ba mu da kayan wannan aikin, kuma mu faɗa wa juna gaskiya, ba nan ya kamata mu fara ba.

Kyamarar zafi ta hannu da ake sayarwa a kasuwa ma ba wannan ba ce. Cikinta dubban ƙananan faifai ne na banadiyom oksayid ko silikon, kowane faɗinsa maikiromita 12 ko 17, a rataye kan siraran ƙafafu cikin akwatin da aka zuƙe iskarsa. Ɗumin jiki ya taɓa faifan, turjiyarsa, wato yadda yake hana lantarki wucewa, ta ragu da kusan kashi 2 cikin 100 a kan kowane digiri, na'ura ta karanta. Ba ta buƙatar sanyi. Gilashin idonta na jamaniyom ne, domin gilashin taga ba ya barin maikiromita 10 ya wuce, shi ya sa ba ta ganin mutumin da ke bayan gilashin mota. Babu dalma a faifan nan.

Mu dawo kan kwalli. Edgar Kutzscher ne ya gano a Balin a 1933 cewa dutsen yana jin haske har zuwa maikiromita 3, a 1944 kuma Robert Cashman ya ƙera irin na'urar a Amurka. Tun lokacin aka bar dutsen rami, saboda yana tafe da azurfa da bismut da antimoni da ƙarfe. A wannan sana'a, baƙon abu kashi ɗaya cikin miliyan yana iya sauya halin lantarkin, kamar a ce tsakuwa goma ta ɓata buhun gero mai kilo 100. Saboda haka da tatattun sinadarai ake haɗa PbS, kuma abin da na'ura ɗaya ke ci bai kai nauyin ƙwayar gero ba. Wanda ke lissafin tirelolin dutse ya yi lissafin banza.

Abin farin ciki, haɗa shi bai fi ƙarfin ɗakin gwaji na kwaleji ba. Ga ma'aunin da za a iya farawa da shi a tataccen ruwa mililita 100: giram 0.6 na soda mai ci, dangin wadda masu sabulu suka sani amma ta ɗakin gwaji, giram 0.3 na naitiret ɗin dalma, da giram 0.4 na tayoyuriya, wadda 'yar'uwar takin yuriya ce mai farar wuta a ciki. A narkar da kowane daban. A fara da sodar, a riƙa ɗiga ruwan dalmar ana motsawa. Zai yi fari kamar an zuba madara, sannan ya washe. Sai ya washe ake zuba tayoyuriya. A jingina gilashin madubin likita a karkace, fuskar da ake so tana duban ƙasa don kada garin da ke kwanciya ya zauna mata, a rufe bayansa da salatif. Ruwan zai koma ruwan kasa, ya yi baƙi, bayan awa ɗaya zuwa biyu a ciro gilashi da ɓawo mai sheƙi kamar madubi. Wanka ɗaya yana ba da kauri na 'yan ɗaruruwan nanomita, wadda dubunta ne maikiromita ɗaya. In ana son a kusanci maikiromita ɗaya, a haɗa sabon ruwa a maimaita sau biyu ko uku. Ana gane kaurin da sikeli: PbS na da nauyin giram 7.6 a kowace santimita kubik, don haka rabin maikiromita a kan fili mai santimita murabba'i 10 zai ƙara wa gilashin miligiram 3.8.

Inda ake faɗuwa a yanayinmu sananne ne. Ruwan burtsatse da na leda suna ɗauke da gishirin da ke kama dalma, farin nan ya ƙi washewa. Sodar da aka bari a buɗe tana shan iska ta jawo irin wannan matsalar. Ruwan tayoyuriya ba ya kwana, kullum sabo ake haɗawa. Gilashin da bai wanku ba ɓawo ba ya kama shi: a wanke da omo, a ɗauraye, a bi da asiton, sannan a zuba masa ruwa a duba. In ruwan ya shimfiɗu bai ɗaya ya wanku, in ya dunƙule ɗigo-ɗigo akwai maiƙo. Babban abokin gaba shi ne zafi. Ana son ruwan ya tsaya tsakanin digiri 20 da 30, kada ya riƙa hawa da sauka. A watan Afrilu, da ɗaki ke haura 38, haɗin yakan yi gaggawa, dalmar ta ƙare a matsayin baƙin gari a gindin kofi, abin da ya hau gilashi ya zama kamar kunkunniya, yatsa na taɓawa ya goge. Maganinsa a zaunar da kofin cikin kula mai ruwa, da ma'aunin zafi da ɗan ƙanƙara a kusa. Da hunturu kuma ƙura ce ke huda ɓawon, dole a rufe kofin.

Samun baƙin ɓawo mai sheƙi ba shi ne samun na'ura ba, kuma a nan ne ayyukan ɗalibai da dama ke tsayawa: a auna yadda yake shan haske, a zana layi a fitar da faɗin giɓi, a ɗaure littafi. Ɗanyen ɓawo kusan kurma ne, sai an farkar da shi da iskar oksijin. Oksijin ɗin yana zama a kan iyakokin ƙananan ƙwayoyin ɓawon yana riƙe elektiron, sai gurbin da elektiron ya bari ya daɗe yana ɗaukar lantarki kafin su sake haɗuwa. Wannan jinkirin shi ne ribar. Ana yi ta hanyar sa ɗan abin da ke ba da oksijin a cikin ruwan wankan, ko ta gasa gilashin a iska. Shawararmu ga mai bincike ita ce ya yanka gilashi ɗaya gida biyar, ya ajiye ɗaya ɗanye, sauran ya gasa su a digiri 100, 150, 200 da 250 na tsawon lokaci ɗaya, ya kwatanta. In gashi ya yi yawa, PbS ya koma oksayid da salfet na dalma, turjiya ta yi sama, ji ya mutu. A gilashi ɗaya za a yanka, domin wanka biyu ba sa fitowa daidai.

Awon ma yana da tarkonsa. Mutum zai ɗora mita a kan ɓawon, ya kusanto da ƙwan fitila, ya ga turjiya na sauka a hankali cikin daƙiƙu, ya yi murna. Ɗumi ne ya gani. Turjiyar PbS tana raguwa da kusan kashi 3 cikin 100 a kan kowane digiri ko ba haske. Amsar haske ta gaskiya ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, kuma don a raba su sai a yayyanka hasken. A huda faifan kwali ramuka 16, a ɗora kan fankar kwamfuta mai juyi 2,400 a minti, hasken zai riƙa ɗaukewa yana dawowa sau 640 a daƙiƙa. Ɗumi ba ya iya bin wannan saurin. An zaɓi 640 ne don a kauce wa 50 na wutar NEPA da ninkinta, kuma don hayaniyar PbS ta fi yawa a ƙananan bugu. A sa ɗan faifan silikon mai santsi gaban fitilar, zai tare hasken da ido ke gani ya bar abin da ya wuce 1.1. A jera ɓawon da rizisto mai turjiya daidai da tasa ta duhu, a ba su wuta daga batir, kada a yi da caja. A bi da kafasita zuwa ƙaramin amfilifaya irin TL072, a sa duka cikin gwangwanin madara da aka haɗa da wayar ƙasa. In babu na'urar awo mai tsada, mashigar makirufo ta kwamfuta tana iya nuna saƙon da hayaniyar da ke gefensa. Wajen haɗa waya da ɓawon, zinare ya fi, fentin girafait yana yi, maƙali mai haƙora irin bakin kada kuwa karce ɓawon yake. In hayaniya ta canza da ka danna mahaɗar, laifin na mahaɗa ne.

Adadin da duniya ke tambaya shi ne saƙo nawa ke kan hayaniya nawa, a ma'aunin da ake kira Jones. PbS na kanti yana ba da kimanin biliyan 100 a wajen maikiromita 2.2 a zafin ɗaki, turjiyarsa ta duhu kuma wajen megom ɗaya. Binciken da bai kawo wannan adadi ba, babu yadda za a san ko ya inganta wani abu.

Akwai kuma abin da mu muka fi kowa damar bincikawa. A digiri 25 ko ƙasa ake auna na'urorin kanti. Daga 25 zuwa 40 turjiyar duhu tana faɗuwa da fiye da kashi ɗaya cikin uku, ji ya ragu. Laimar damina tana shiga ɓawon ta sauya shi, hasken rana kai tsaye ma yana ɓata shi, shi ya sa ake rufe na kanti cikin gwangwanin ƙarfe mai tagar safaya, ake kuma ajiye shi a duhu. Wanda ya rufe nasa da siririn gilashi da 'yan ƙwayoyin silika masu shan laima, ya riƙa auna shi duk mako daga bazara har kaka, ya rubuta wane gashi da wane rufi suka jure, ya yi aikin da za a karanta a ko'ina. Ana ta maganar ɗigon kwantam na PbS, wato ƙwayoyinsa mitsi-mitsi, tun da Bawendi da Brus da Ekimov suka sami kyautar Nobel a 2023, amma a sani ƙanƙanta ƙwayar PbS faɗaɗa giɓin yake yi, zangon ya ƙara gajarta, ya ƙara nisa da ganin mutum.

To me za a yi da maikiromita 1 zuwa 3? Ruwa yana shan haske sosai a 1.45 da 1.94. A haska niƙaƙƙiyar shinkafa da zango biyu ta matatan haske, ɗaya a 1.94, ɗaya a kusa da shi inda ruwa ba ya sha sosai, a kwatanta abin da ya dawo, an sami laimar hatsin. Sai an niƙa, domin hasken ba ya nutsawa can ciki. Ana saita na'urar da tsohuwar hanya: a auna nauyin samfur, a busar a tanda a digiri 130, a sake aunawa. Shinkafa mai ɓawo tana son laima kashi 14 cikin 100 kafin ajiya ko casa. In ta haura ta yi fumfuna, in ta bushe da yawa ta kakkarye a inji. Daga fadamun Argungu zuwa Bakolori, da haƙori ake yawan yanke wannan hukunci, kuma a kansa mai saye da mai sayarwa ke jayayya. Irin wannan idon ne kuma ake sawa a bututun masana'antu don ya hango tartsatsi kafin ya zama gobara, abin da injinan gurzar auduga ke buƙata.

Ba za mu rufe ba sai mun yi maganar guba, domin mu a Zamfara mun san dalma da hawaye. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya aka ga girman abin a Bagega, kuma fiye da yara 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Kada wani ya karanta wannan wasiƙa ya kai aikin gida. Aikin ɗakin gwaji ne, da safar hannu da tabarau, ba ci ba sha. Ragowar ruwan wanka da na ɗauraya a tara su a jarka mai murfi da rubutu a jiki, kada su shiga kwata. Kada a zuba musu asid, domin zai taso da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda ita ma guba ce. Iyaye mata kuma su sani kwallin dutse da ake sa wa jarirai dalma ce, kuma babu adadin dalma da ba ya cutar da ƙwaƙwalwar yaro.

Roƙonmu ga jami'o'in tarayya na Gusau da Birnin Kebbi, da jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, da kwalejojin fasaha na Kaura Namoda da Talata Mafara, da hukumar TETFund mai ba da kuɗin bincike, bai da yawa. A sayi na'urar PbS ta kanti guda ɗaya a kowane ɗakin gwaji don a riƙa kwatanta namu da ita, da sikeli mai karanta kashi ɗaya cikin goma na miligiram, da injin tace ruwa, da matatan haske biyu, da durom na tara sharar dalma. Sannan a bar ɗaliban bana su ɗora daga inda na bara suka tsaya, da littafin awo guda da ba ya barin ɗakin.

Mun gode da filin da ka ba mu. Wassalam.

Daga wasu malaman fiziks da masu kula da ɗakin gwaji,
Gusau, Jihar Zamfara.